Takardar Da Ɗalhatu Ya Ƙi Sa Wa Hannu

Akwai wani malamin jami'a mai suna Ɗalhatu, mutumin Yola, da ke zaune da iyalinsa a wani bene mai hawa goma sha biyu a Doha, cikin unguwannin da aka yarje wa baƙi su mallaki gida. Masu gidajen benen suna da kwamitin mutum biyar da ke kula da tsaro da gyare-gyare. Ɗalhatu ne sakatare.

Shugaban kwamitin kuwa Injiniya Mijinyawa ne. Shi ya nuna wa Ɗalhatu hanyar zuwa Ƙatar, a gidansa ya sauka wata biyu kafin ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya sa ko a gaban sauran 'yan kwamiti, Larabawa biyu da wata Ba'indiya, Yaya yake ce masa.

Lokacin korona aka daina zaman taro. Sai Mijinyawa ya riƙa yanke hukunci shi kaɗai, ya aiko da takarda, Ɗalhatu ya sa hannu cewa kwamiti ya amince. Annoba ta lafa, amma ɗabi'ar ta zauna daram.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, wasu masu gidaje suka ba 'yan kallo haya, benen ya cika da baƙin fuskoki. Wasunsu sukan tokare ƙofar baya da dutse don su shigo da abokai ba tare da mai gadi ya gani ba. Ta wannan ƙofar ce matakalar gudun gobara take ɓullewa waje. Wata rana 'yar Mijinyawa ta ci karo da maza uku zaune a matakalar, ta koma gida tana kuka.

Washegari Mijinyawa ya sa Gado mai gadi ya ɗaure ƙofar da sarƙa da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Gado ya so ya yi magana, aka tuna masa cewa waya ɗaya za a buga wa kamfaninsu a sauya shi.

Bayan la'asar Mijinyawa ya kawo wa Ɗalhatu takarda har gida, mai cewa kwamiti ya amince da rufe ƙofar. Ɗalhatu ya karanta sau biyu, biro na hannunsa. Ya ce cikin ladabi ba a yi taro ba, kuma rufe ƙofar gudun gobara ya saɓa doka, ko da dukansu biyar sun yarda. Ya ba da shawarar a ƙara mai gadi a wurin.

Mijinyawa ya dube shi. "Shekara biyu kana sa hannu. Yau ka san doka?"

"Na yi kuskure a baya, Yaya. Wannan kam rayukan mutane ne. Ka yi haƙuri, ba zan iya ba."

"Khalas, shi ke nan," in ji Mijinyawa. Ya naɗe takardarsa ya fita, bai taɓa shayin da aka zuba masa ba.

Ɗalhatu ya rubuta wa sauran 'yan kwamiti da kamfanin da ke kula da benen, ya nemi a zauna da gaggawa. Ɗaya ya ce a bari sai an gama wasa. Sauran ko amsa babu. A masallaci Mijinyawa ya daina miƙa masa hannu, labari kuma ya bazu cikin 'yan ƙasarsu mazauna Doha cewa Ɗalhatu butulu ne. Matarsa Na'ima ta tambaye shi ko ba zai je ya ba da haƙuri ba. Shi kansa bai san ko ya wuce gona da iri ba.

Kwana huɗu bayan haka, da misalin ƙarfe uku na rana, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Mai ya kama wuta a kicin ɗin wani gida a hawa na biyu. Lifta ta tsaya. Hayaƙi ya cika matakalar gaba, sai kowa ya nufi ta baya.

Ɗalhatu ya sauko riƙe da hannun Na'ima, ya tarar mutane sun cunkushe a bakin ƙofa, na sama suna ta turo na ƙasa. Yara na tari. Wani tsoho ya durƙushe a jikin bango. Aishatu matar Mijinyawa tana jijjiga sarƙar da hannu biyu, tana kiran wayar mijinta, shi kuwa yana filin wasa a Al Rayyan da makulli a aljihu.

Ɗalhatu ya kutsa da ƙyar, ya roƙi mutane su ja baya taku biyu. Ya ciro tukunyar kashe gobara daga bango ya shiga dukan kwaɗon. Bugu na farko, na biyu, ko gezau. Hayaƙi ya fara saukowa. Gado ya zuro ƙarfen canza taya ta tsagar ƙofa daga waje, suka saƙala shi cikin sarƙar, maza huɗu suka danna tare. Maɗaurin ƙofar ya ɓalle, mutane suka zubo waje.

Ba a rasa rai ba, amma an kai mutum shida asibiti.

Washegari jami'in bincike ya tara kwamitin da Gado da wakilin kamfanin tsaro a ofishin benen. Ya ajiye sarƙar a kan tebur, ya tambayi wanda ya ba da umarni. Wakilin ya ce ai mai gadi ne ya ɗaure, za su sallame shi ya koma ƙasarsu. Gado ya sunkuyar da kai. Yana da 'ya'ya biyar a Gusau.

Jami'in ya juyo ga sakatare. Ɗalhatu ya dubi Mijinyawa, ya ce, "Yaya, ka faɗa da bakinka. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Mijinyawa ya dubi sarƙar. Sannan ya ce shi ne, shi kaɗai, ba kwamiti ba, ba Gado ba.

An ci shi tara mai nauyi, ya sauka daga shugabanci. Gado ya ci gaba da aikinsa. Sauran 'yan kwamiti suka tsira, tunda babu takardar da ta ce sun amince.

Da suka fito daga ofishin ran nan, Mijinyawa ya tsaya a bakin ƙofa, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Duk waɗanda suka ce mini na yi daidai, babu ko ɗaya a bakin ƙofar nan jiya. Ka yafe mini, Ɗalhatu."

Darasi: Amanar jama'a ta fi kunyar mutum ɗaya nauyi, ko da shi ya yi maka rana. Kada ka sa hannu a kan abin da ba a yi ba, kuma kada ka bari a ɗora wa mai rauni laifin mai ƙarfi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da kwamiti, ko na gida ko na unguwa, wataƙila akwai takarda a gabansa yanzu.