Malam Shamuwa da Ranin da Bai Taɓa Gani Ba

A ajin da kake zama, yaushe rabon da wani ya tambaye ka abin da ka gani da idonka?

An yi wani namijin shamuwa da ya buɗe makaranta a gindin wata tsamiya, kusa da tafki. Tsuntsayen dajin suna girmama shi, domin duk shekara da ya sauka sai ruwan sama ya biyo baya. A kan haka ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ne mai kawo ruwa. Da kaka ta yi yakan tashi tare da 'yan uwansa zuwa kudu, saboda haka bai taɓa ganin rani ba.

Cikin ɗalibansa na wannan damina akwai Fakara, mai tsoro da biyayya, wadda ta fi kowa hadda. Akwai kuma Zabuwa, wadda bakinta ba ya hutawa da tambaya. Dukansu ƙyanƙyasar bana ne, ba su san wani yanayi ba sai damina.

Tsarin karatun ɗaya ne kullum. Malam ya hau reshe ya faɗa, ɗalibai su amsa daga ƙasa: ruwa yana tafki, fara tana ciyawa, inuwa tana gona. Wanda ya amsa da ƙarfi a matso da shi gaba. Wanda ya waiga ya kalli wani abu a sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Wata rana Zabuwa ta ce mahaifiyarta ta gaya mata akwai lokacin da tafkin yake bushewa, ta nemi a koya musu abin da za su yi idan ya zo.

Malam Shamuwa ya dube ta daga sama. "Uwarki ce malama a nan, ko ni? Shekara nawa ina sauka a wannan tafki, ban taɓa samun sa a bushe ba."

"Allah ya gafarta Malam, ai ba ka nan yake bushewa."

"To kin faɗa da bakinki. Ina nan, ruwa na nan."

"Idan haka ne, Malam, bana ka zauna mana."

Ya kore ta daga makarantar saboda rashin kunya. Fakara ta bi ta da ido, sannan ta sunkuyar da kai ta ci gaba da amshi. Amma maganar ta tsaya wa Malam a rai. Da 'yan uwansa suka yi shirin tafiya, ya ce su je, shi zai zauna ya nuna wa wata mai ɗigo-ɗigo iyakarta.

Ruwa ya ɗauke. Aka girbe gonaki, ciyawa ta bushe, fara ta ɓace. Tafkin ya ja baya ya zama taɓo, taɓon ya tsage. Iyayen ɗaliban sun bazu neman abinci, sun bar 'ya'yansu a hannun Malam, domin ya ba su tabbacin cewa ruwa na dab da dawowa.

Karatu bai tsaya ba. Kowace safiya ɗalibai suna tsaye a bakin busasshen tafki suna cewa ruwa yana tafki. Muryoyin suka riƙa raguwa. Fakara, da ta fi kowa yarda da darasin, ta ƙi zuwa ko'ina, har ta kai ba ta iya ɗaga kai.

A haka Zabuwa ta dawo ta same su. Ita ma ta rame, domin raɓa da gara kawai take samu. Ɗalibai suka kewaye ta suna roƙon ta faɗa musu inda ruwa yake su haddace.

"Ban sani ba," in ji ta. "Da na sani da na sha. Amma tun da aka kore ni nake kallon abubuwa, kuma idona biyu ne kacal. Ku fa, me kuka gani?"

Ba a taɓa yi musu wannan tambaya ba. Can wata 'yar kurciya ta ce ta lura manyan kurciyoyi suna nufar busasshen rafin yamma kowace la'asar. Wani ɗan tsuntsu ya ce akwai wata bishiyar ɓaure a bakin rafin da har yanzu ganyenta kore ne. Zabuwa ta durƙusa kusa da Fakara ta tambaye ta ita ma.

Fakara ta saci kallon reshen Malam, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce akwai ranar da aka taɓa sa ta tsayuwa da ƙafa ɗaya, laifinta kuwa shi ne ta bi wasu ƙudan zuma da kallo. Tun daga ranar take ganin su suna wucewa yamma, su dawo da nauyi. Ba ta faɗa ba ne saboda babu wannan a cikin darasi.

Malam Shamuwa ya ce duk wanda ya bar gindin tsamiya ya bar makaranta ke nan. Duk da haka ɗaliban suka nufi rafin yamma duka, suna tallafe da Fakara.

A ƙarƙashin ɓauren suka tarar da ƙudan zuma sun taru a wani wuri mai danshi a cikin yashi. Zabuwa da sauran masu farce suka yi ta tono. Ruwa ya tsattsafo a hankali, mai sanyi. Fakara aka fara ba wa.

Da rana ta yi sanyi sai ga Malam Shamuwa yana tafe a ƙasa, domin fukafukansa ba su da sauran ƙarfin tashi. Ba wanda ya hana shi sha. Da ya ƙoshi ya gyara murya, ya hau wani dutse, ya ce: "Yarana, sabon darasi. Ku ce: ruwa yana yashi."

Ba wanda ya amsa. Ya sake faɗa, muryarsa kaɗai ta dawo masa daga gaɓar rafin.

Fakara ta ɗaga kai. "Malam, wannan mun riga mun sani, mu muka tono shi. Abincin gobe muke nema yanzu. Kai da ka taho ta hanyar gabas, me ka gani?"

Malam Shamuwa ya tuna hanyar da ya biyo. Ya yi duk tafiyar ba tare da ya kalli komai ba. Ya sauko daga dutsen ya tsaya a bayan da'irar da suka yi, inda babu mai kallon sa, ɗaliban kuwa suka ci gaba da shawararsu.

Darasin wannan labari shi ne, malamin da ya hana ɗalibi kallo da tambaya ya zalunce shi, ko da kuwa abin da yake koyarwa gaskiya ne a lokacinsa. Fakara ta san hanyar ruwa tun kafin ƙishirwa ta kayar da ita, tsoro ne ya rufe mata baki. Ku yara, gobe idan kun shiga aji, ku yi tambayar da kuka daɗe kuna haɗiyewa. Ku kuma malamai da iyaye da kuke karanta musu wannan, kafin ku faɗa wa yaro abin da zai haddace, ku tambaye shi abin da ya gani, sannan ku yi shiru har ya gama.