Awakin Faltiyel

Ke Tirza, da bakinki kike tambayata me ya sa muka baro zaitun a kan itace? Ku yaran yanzu sai an ba ku dalili kafin ku janye hannu daga wuta. Ni ban iya karatu ba, amma na ga an binne waɗanda suka iya. Zauna.

Doka ce tun daga Musa, ya karɓo ta a kan dutse. In ka kaɗe zaitun sau ɗaya, ba ka komawa kan reshen. Abin da ya maƙale a sama da wanda ya ɓuya cikin ciyawa, kala ce ta maraya da baƙo da matar da miji ya mutu ya bari. Kakanninmu sun yi wa Fir'auna tubali a Masar, sun san zafin aiki a ƙasar wani da ciki wayam.

Akwai wani mutum a ƙauyenmu, Faltiyel, mai gonar zaitun daga bakin rijiya har gindin tudu. Bai taɓa ɗaga ko tsinke ba ran Asabar, ranar hutu. Amma duk kaka, in ya ga masu kala suna fita daga gonarsa da kwanduna, sai abinci ya ƙi wuce masa maƙogwaro.

Wata shekara ya samo dabara. Ana gama kaɗa, sai ya kora garken awakinsa cikin gonar. Suka share na ƙasa, suka ɗaga ƙafa suka tsige na rassa.

Da safe Mahlat ta iso da kwando. Mijinta ya mutu ya bar mata 'ya'ya ƙanana, da kalar nan take samun man da za ta sayar su ci har sanyi ya wuce.

Ta ce, "Maigida, ina rabonmu?"

Ya ce, "Ga shi can a cikin bunsuru. Ki bi bayansa da kwandonki, zuwa yamma zai ajiye miki."

Mahlat ta kai ƙara gaban dattawa a ƙofar gari. Faltiyel ya zo da sabuwar riga.

"Iyayena, an ce kada in koma kan reshe. Wa ya gan ni na koma? Akuya kuwa ba ta je gindin dutse ta karɓi doka ba."

Aka yi dariya. Dattijo Abidan, babbansu, bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, ka san abin da dokar take nufi."

"Baba, ni abin da ta faɗa na sani."

Suka juya maganar har rana ta take, ba su sami inda za su kama shi ba, suka sallame shi. A cikin sanyin shekarar Mahlat ta binne autanta.

Kafin wata kaka, kowane mai gona ya sayi awaki. Faltiyel yana tafiya a kasuwa ana ce masa mai kai, shi kuwa yana ta hura hanci.

To akuya ba ta san iyaka ba. Da 'ya'yan zaitun suka ƙare sai ta koma kan ɓawo. Maƙwabta suka lura da wuri, suka kewaye gindin itatuwansu da ƙaya. Hogla, matar Faltiyel, ta ce masa ya yi haka, ya ce malami ba ya ɗaukar karatu wurin ɗalibansa. Itatuwan da kakansa ya dasa suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Ya sayar da awakin, ya sayar da gonar a kuɗin itacen girki. Hogla ta kwanta ciwo, babu mai a tulu, babu gari a tukunya.

Ranar da ya ɗauki kwando zai je kala, sai da ya rufe fuska da mayafi. A bakin gona ya tarar da masu kala a tsaye, suna jiran a fito da awaki.

Mahlat ta gane shi ta tafiyarsa. Ta ce, "Buɗe fuskarka, maigida. Nan ba a jin kunya, an cinye ta tuntuni. Koma baya, mun riga ka."

Ya bi gonaki har rana ta faɗi, bai cika tafin hannu ba.

Washegari ya durƙusa gaban dattawa.

"Iyayena, a hana shigar da awaki. Zalunci ne. Matata za ta mutu."

Abidan ya dube shi. "Wani mai kai ya taɓa tsayawa inda ka durƙusa, ya nuna mana babu laifi. Mun nemi amsa mun rasa. Ka zo mana da ita?"

Faltiyel ya buɗe baki. Ya laluba hujjar tasa ta ko'ina, ya tarar ya ɗinke ta da kyau, babu kafar ko allura. Masu gonaki suna zaune suna kallon ƙasa.

Hogla ta rasu da farkon ruwa, a ɗaki mai duhu. Shi kuwa wani makiyayi ne ya tsince shi da sassafe a gonar maƙwabci, ya sandare, hannunsa cikin ciyawa. Sai da aka yi jifa kafin akuyar da ke cin bakin mayafinsa ta matsa.

Darasi: Doka katanga ce da aka gina wa mai rauni, kuma ba wanda ya san ranar da zai kwana a bayanta. Wanda ya huda ta da wayo, iskar da za ta shigo ba za ta tambayi sunansa ba. Ku kai wannan labari gidan duk mai gona, ku faɗa wa 'ya'yanku in kun haifa.

Ke Tirza, share hawayen nan, ba su cika kwando. Ku kashe fitila, mai ba ruwa ba ne. Kowa ya kwanta.