Telan da Ya Ɗaga wa Ƴarsa Gira

Akwai wani tela da ke zaune gida ɗaya da ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta. Tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, mahaifiyarsu Inna tana ɗakin tsakiya. Shagon telan a ƙofar gida yake, duk mai shiga da mai fita sai ya wuce ta gaban kekensa.

Auta yana da ɗa da ya haura shekara uku bai fara magana ba. Sai ya wuni a gindin bango yana jera murafen kwalba. Wata rana a asibiti aka ce wa Auta akwai likitocin da ke bincike kan yaran da magana ke yi wa jinkiri, ko zai yarda a sa ɗansa. Ya yarda.

Daga nan gidan ya canza. Duk mako sai wata Likita ta zo da ma'aikaciyar jinya, su cire takalma, su zauna a tabarma suna wasa da yaron. Suna koya wa iyayen su ɗan jira ya nemi abu da bakinsa kafin su miƙa masa. Inna ma ta tare a ƙofar Auta. Ranar da yaron ya ce "ruwa", har hawaye ta yi, ta bi maƙwabta tana faɗa.

Telan yana jin komai ta tagar shago, abin yana cin sa. Shi ma yana da ƴa, ba ta kai shekara biyu ba, yana kiran ta Ƴar Baba. Suna da wani wasa su biyu: ya ɓoye kwarkwaron zare, ya ɗaga gira, ya nuna wurin da baki, ita kuma ta juya ta ɗauko.

Ya ce, "Inna, kin manta hanyar ɗakinmu ne? Ko sai jika ya yi ciwo yake zama jika?"

Ta ce, "Kai da Allah ya ba lafiyayya, me za ka yi da ni? Ka gode masa."

Amsar ba ta sanyaya masa rai ba. Ya koma kiran ɗan ƙaninsa ɗan gwaji. In masu ɗinki sun zo sai ya ce, "Gidanmu ai ya zama asibiti, allo kawai ya rage a kafa."

Ana nan sai Likita ta ce suna bukatar yaran da ba su da matsala, don a kwatanta. Ba ta rufe baki ba telan ya ce ga tasa. Ya shiga ɗaki ya ce wa matarsa, "Sa mata sabuwar riga. Yau Inna za ta ga bambanci."

Aka fara da gwajin ji. Aka zaunar da yarinyar a cinyar uwarta, ma'aikaciyar jinya ta koma bayanta da ƴar ƙararrawa. Likita ta durƙusa tana kallon fuskar yarinyar, ta ba ƙofa baya. A ƙofar kuwa telan yake tsaye.

Aka kaɗa ƙararrawa ta dama. Ƴar Baba ba ta motsa ba.

Ga Inna, ga Auta, duk suna kallo. Sai ya ɗaga gira, ya nuna dama da baki. Yarinyar ta juya tana dariya. Aka kaɗa ta hagu, ya sake yi mata, ta sake juyawa.

Likita ta ce, "Madalla, jinta lafiya lau."

Da yamma Auta ya shigo shago, ya jira keken ya tsaya.

"Yaya, na ga girarka."

"Girata ce ko taka?"

"Taka ce. Amma a sake gwajin, kai ka tsaya a waje."

"Wato so kake tawa ta zama irin naka, ku samu abokan zama a tabarma."

Auta ya juya ya fita.

Damina ta zo ta wuce. Ɗan Auta yana tsintar kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ƴar Baba ta wuce shekara biyu, komai da yatsa take nunawa. In uwarta ta yi magana, telan ya ce kawaici ne ta gado a wajensa.

Wata rana da hantsi ƙwallonta ya gangara titi, ta bi shi. Ga babur yana tahowa yana ta ƙaho. Telan ya miƙe yana kwaɗa mata kira, muryarsa har ƙarshen layi. Ba ta waiwayo ba. Mai babur ya kauce, ya faɗa kwata.

Da telan ya ɗauke ta, murmushi take yi. Girarsa take kallo, tana jira ya nuna mata inda za ta duba.

Washegari ya tsaya a ƙofar ƙaninsa, hula a hannu.

"Auta, raka ni asibiti."

"Bari in sa takalmi, Yaya."

A can aka gwada Ƴar Baba da na'ura, aka ga duka kunnuwan biyu jinsu ƙalilan ne. Likita ta ce, "Abin da ya ɗaure min kai, ranar nan ta juyo."

Telan ya sunkuyar da kai. "Ba ƙararrawa ta ji ba, Likita. Ni ta kalla."

Likita ta ce, "Dole mu cire sakamakonta daga binciken, kada ya ɓatar da mu a kan ƴaƴan wasu. Ita kuma za mu sa mata na'urar ji, mu fara koya mata. Amma watannin nan da suka wuce, da gudu za mu bi su, kuma ban yi maka alkawarin za mu kamo su duka ba."

A bakin ƙofar asibitin Auta ya miƙo hannu. "Kawo ta in riƙe maka, Yaya."

Telan ya miƙa masa ita.

Darasi: Mai hassada yana can yana leƙen ɗakin ɗan'uwansa, bai ga abin da ke faruwa a nasa ba. Gwajin yaro ba gasa ba ce tsakanin iyaye. In likita na duba ɗanka, ka bar shi ya nuna gaskiyar halinsa, domin jinkirin da ka jawo shi zai ɗauka, ba kai ba. Ku tura wa duk mai ƙaramin yaro a gida.