Toka a Kan Ɗigon Mai

Akwai wani mutum mai suna Barnaba, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai wa manoma kaya kasuwa da ita. Yana kuma da wa, sunansa Iliya, wanda ya rene shi bayan rasuwar iyayensu. Iliya ya tsufa a ƙauyensu na bayan duwatsu, ciwon ƙirji yana tasar masa lokaci lokaci. Barnaba kuwa ya yi masa alkawari a gaban iyalinsa, cewa duk ranar da ciwon ya yi tsanani a kira shi kawai, zai zo da motarsa ya kai shi asibiti.

Wata rana da safe, Rifkatu matar Barnaba tana sharar ƙofar gida, sai ta ga ɗigon mai a inda motar take kwana. Da ta nuna masa, ya dangwala da yatsa ya sansana, ya ji warin man giyar mota ne. Sai ya kai motar wurin Gayus makanike, taubashinsa, wanda ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Gayus ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito yana goge hannu. Ya ce wata 'yar roba ce mai kamar zobe, wadda suke kira sil, ita ke tare mai a bayan giya, ta bushe ta tsage. Aikin ba shi da yawa. Za a kwance furofela, wato dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya, a tsiyaye man, a ɓamɓare tsohuwar, a shafa wa sabuwar mai, a buga ta a hankali har ta zauna daidai. In Barnaba ya bar motar da safe, kafin rana ta karkata ya ɗauki abarsa. Barnaba ya ce ba dai yau ba, buhunan masara suna jiransa.

Gayus ya ce, "Bawana, buɗe kunnen nan naka. Man inji in ya ƙare, fitila za ta kama ta gaya maka. Man giya ba shi da fitila. Ƙasar ƙofar gidanka ce kaɗai za ta gaya maka."

Barnaba ya yi dariya, ya ce tun yaushe bawa ya fara yi wa ubangidansa wa'azi. Duk da haka ya karɓi sabuwar robar, ya jefa ta a aljihun mota, ya ce jibi zai dawo.

Masara ta wuce, gyaɗa ta shigo. Gyaɗa ta wuce, dawa ta shigo. Tabon mai ya yi ta faɗi, har maƙwabta suka fara tambaya. Kunya ta kama Barnaba, sai ya riƙa ɗebo toka daga murhu kowace safiya yana barbaɗawa a wurin. Da tokar ta shanye man, aka share, sai ƙofar gida ta yi fes, hankalinsa ya kwanta kamar an yi gyaran. Da giya ta fara gurnani, ya ƙara muryar rediyo. Ya kuma daina bi ta gaban garejin Gayus.

Rifkatu ta taɓa ce masa, "Maigida, tokar nan ƙasa take gyarawa, ba mota ba." Washegari ya sake ɗebo tokarsa.

Ana nan, wata safiya matar Iliya ta kira a waya, ta ce jikin ya tashi. Barnaba ko karin kumallo bai yi ba ya kama hanya. Yana cikin hawan dutse, inda ba gida gaba ba gida baya, ya kai hannu zai sauya giya, sai ya ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Sandar giya ta ƙi motsi, ƙaurin ƙarfe ya cika motar. Man ya riga ya ƙare ƙarƙaf, ba abin da ya saura sai ƙarfe yana cin ƙarfe. Ya buɗe aljihun mota yana neman sufana, sai robar nan ta faɗo masa a cinya, sabuwa fil cikin ledarta.

Ya bar motar ya taka da ƙafa. Rana ta yi yamma kafin ya isa, tun daga bakin gari kuma ya ji kuka. Matar wansa ta faɗa masa cewa maƙwabta sun kawo amalanke don a fitar da Iliya bakin titi, amma ya ƙi hawa. Ta ce, "Cewa ya yi a bar shi, ƙanensa yana hanya. Duk ƙarar da ya ji, sai ya ce in leƙa ko kai ne."

Bayan makoki Gayus ya jawo motar, ya sauya giyar gaba ɗaya, ya sa robar nan a wurinta. Ranar bai kira shi bawa ba.

To, ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Man giya shi ne rayuwarmu ta ɓoye a gaban Allah, wadda ba mai ganinta. Ɗigon shi ne ƙaramin zunubin da muka sani, muke kuma ɗaga tubansa zuwa jibi. Tokar ita ce fara'a da tufafin Lahadi da muke rufe shi da su, don kada mutane su yi magana. Robar nan kuwa Maganar Allah ce. Barnaba bai rasa ta ba, kullum tana tafiya tare da shi, amma a cikin aljihu. Haka da yawa daga cikinmu muke da ita a gida, ba mu bar ta ta zauna a inda zuciya take yoyo ba.

Ubangiji Yesu yana gafartawa, ko yaushe mutum ya zo. Amma akwai wanda ya dogara gare ka, yana kasa kunne ko kai ne. Ka kawo wa Ubangiji yoyonka yau, tun ba a kira ka ba.