Ramuwar Narelle a Kwamitin Ƙa'idoji

Akwai wata injiniyar kwamfuta a nan Adelaide, sunanta Narelle Treloar. Shekara tara ta yi tana gina manhajar da yaran gonakin shanu na can nesa suke karatu da ita ta intanet.

Ranar da za a nuna aikin a wani babban taro a Sydney, mai kamfanin da take wa aiki, Graeme Haddow, ya hau dandamali ya ce aikinsa ne. Ko sunanta bai ambata ba.

Da suka dawo ta tare shi a wajen haɗa shayi na ofis.

"Graeme, ni fa? Ko aljanu ne suka rubuta maka?"

Ya yi dariya. "Sannu uwar iyayi. Ke danna madannai kawai kika iya. Irinki goma zan samu kafin shayin nan ya huce."

Bayan wata biyu ya sallame ta.

Narelle ba ta yi kuka ba. Ta samu wani aikin, ta yi ta kutsawa har ta shiga kwamitin da ke tsara ƙa'idojin da manhajojin makarantu ke bi don su fahimci juna. Ta san lagon Graeme sarai, tunda ita ta gina abin: manhajarsa ta dogara ne da tsohuwar hanyar adana makin ɗalibai. Sai ta kawo shawarar a soke hanyar cikin wata uku. Ta san shi sai ya shekara bai gyara ba.

Wani dattijo a kwamitin, Colin, ya ja ta gefe. "Yarinya, wannan gyara ne ko farauta?"

"Duka biyun, Baba Colin," in ji ta.

Aka kaɗa ƙuri'a, ta yi nasara. Graeme ya zo har ofishinta yana murza hannu.

"Narelle, don Allah ki ƙara min wata shida."

"Ina goman nan naka? Kira su mana."

Ranar har waƙa ta yi a mota. Wa'adin ya cika bai gyara ba, manhajarsa ta daina aiki, a watan Oktoba kamfaninsa ya rufe.

Kwana huɗu bayan haka wayarta ta yi ƙara. Wata malama ce mai suna Bev, da ke koyar da yaran gonaki daga Port Augusta.

"An ce ke kika san manhajar nan. Ɗalibaina arba'in, aikinsu na shekara biyu ya ƙi buɗuwa, ga neman jami'a ya zo. Wane mara imani ne ya yanke wannan hukuncin?"

Narelle ta kasa cewa ita ce.

Ta ajiye komai, ta zauna tana kwaso makin yaran ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ta ceto talatin da bakwai. Uku lokaci ya ƙure musu, sai da suka maimaita shekara.

Graeme kuwa, kafin Kirsimeti ya samu sabon aiki a Brisbane, har da gida a bakin ruwa.

Darasi: Kafin ka rama, tsaya ka duba su wane ne ke tsaye a bayan wanda ya cuce ka. Sau da yawa shi yakan tsira, marasa laifi su kwana a ciki. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da wani a zuci.