Manomin da Ya Sake Binne

An yi wani manomi saurayi wanda mahaifinsa ya yanka masa gona bayan aurensa, ya kuma ba shi irin gero ɗan kaɗan. Wannan irin shi ne abincinsu na shekara mai zuwa, ba su da wani.

Da bazara ta yi nisa, maƙwabtansa suna zaune a inuwa suna jiran ruwa, sai ya tashi ya yi binne, wato ya shuka rabin irin a busasshiyar ƙasa. Aka yi ɗan yayyafi, gero ya tsiro, ya yi murna ƙwarai. Amma ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, tsiron ya ƙone ƙurmus. Maƙwabta suka yi ta yi masa ba'a, suna cewa, "Sannu da girbi, sarkin gaggawa!"

Ya koma gida ransa a ɓace. Matarsa ta ce, "Maigida, ƙasa ta cinye rabi. Ka ba ni sauran in daka, ko fura mu sha."

Ya ce, "In muka sha shi yau, me za mu sa a baki baɗi?"

Kashegari ya tafi wurin wani dattijo wanda ya tsufa yana noma a yankin. Kunya kamar ta kashe shi, amma ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa abin da ya faru. Dattijon ya ce, "Ɗana, binne ba laifi ba ne. Laifinka, ka zuba rabin nan duka a kan tudu ɗaya, ba ka kuma tambayi kowa ba. Ka kai wani gefen kwari inda danshi yake kwana, wani bayan gida."

Sai ya raba sauran irin, ya sake binne kamar yadda aka gaya masa, ana dariya yana saran ƙasa. Ga shi kuwa, ran kasuwa da rana tsaka hadari ya haɗu, aka tafka ruwa. Maƙwabta suka runtuma gida neman sungumi da iri, nasa kuwa yana kwance a ƙasa tuni. Na bayan gida kaji suka tone, amma na kwari ya yi kyau, ya ciyar da gidansa.

To, ga ma'anar misalin, ku da kuka gama makaranta da bautar ƙasa kuna zaune a bencin baya na majami'ar nan. Irin nan shi ne ilimin da iyayenku suka sha wahala kuka samu. Binne shi ne ka je inda kake so ka yi aiki tun ba su yi sanarwa ba, ka gabatar da kanka, ko da taimako ne na ɗan lokaci su ga hannunka. Yayyafin shi ne, "Je ka, za mu kira ka," shiru har yau. Na san yana da ciwo, ba na raina hawayen kowa. Dattijon nan yana zaune tare da ku kowace Lahadi: malamar asibiti, akawu, mai ɗaukar kwangila, tsohon malaminka. Kuna wuce su a bakin ƙofa kai a sunkuye kan waya, ba gaisuwa balle tambaya. Waya ma gona ce, amma ba ita kaɗai ba.

Daka iri kuwa shi ne ka ce ka gaji, ka kwanta. Wannan kam ban yarda da shi ba. Ruwa na Ubangiji ne, ba ni da ikon gaya muku ranar saukarsa. Roƙona ɗaya ne: kada ranar ta zo ta tarar da irinku a ɗaka. Yau kafin ku fita daga majami'a, kowa ya tsayar da babba ɗaya, ya gaishe shi, ya tambaye shi shawara kan neman aiki.