Ranar da Inna ta Kwance Bel Ɗinta

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne na ilimi, ma'abocin tsantseni da zuhudu, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ko a kan ɗalibi mai taurin kai irina. Daga cikin karamomin da Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a hannunsa, ga wadda ta faru a gidanmu.

Mahaifiyata ta zame a banɗaki ta faɗi zaune daɓas. Da aka yi hoto, likita ya ce ƙashi ɗaya a gadon bayanta ya lotsa, ya ɗaura mata bel mai ƙarfe daga ƙirji zuwa ƙugu, ya kuma gargaɗe mu cewa muddin ta sunkuya kafin ƙashin ya kama, tana iya rasa ƙafafunta. Inna ta jure ciwo, ta jure a riƙa juya ta a gado kamar jaririya, amma sallah a kan kujera ta tsaya mata a rai. Kullum sai ta ce, "Yanzu haka zan koma ga Allah, goshina bai taɓa ƙasa ba?" Ina tausayinta ƙwarai, amma tsoro ya fi yawa, don na san halin kayata.

Wata rana bayan azahar muna gaban Shehi yana fassara mana babin tsarki, sai ya yi shiru a tsakiyar magana, ya sunkuyar da kansa mai albarka, ya ce a hankali, "A'a, Hajiya, mai da shi. Wanda Ya ce ki yi sujada, Shi Ya ce ki dakata." Muka dubi juna, don babu mace a zauren. Shi kuwa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Da na koma gida na tarar da Inna a kan kujerarta, bel ɗaure a karkace, ta cika tana batsewa.

"Kai dai ba ka kyauta ba," in ji ta. "Ka turo min Malam, ɗaki kaca-kaca, ko shara ba a yi ba."

"Wane Malam, Inna?"

"Malaminku mana. Ƙanwarka na fita na kwance abin nan, na shimfiɗa dadduma, ina shirin durƙusawa sai ga sallamarsa a bakin ƙofa."

Ta maimaita min maganarsa ba ƙari ba ragi. Na zauna a ƙasa. Washegari da na kai wa Shehi labarin, murmushi kawai ya yi, ya ce, "A gaishe ta da jiki."

Tun daga ranar ba ta sake kwance bel ɗin ba sai da likita ya ba da izini. Ranar da ya ba da izinin ta tashi da ƙafafunta, ta kai goshinta ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba har ƙanwata ta fara kiranta cikin kuka. Da ta sallame ta harare mu, hawaye na bin kumatunta, ta ce, "Ku ƙyale ni mana, ni da ƙasa mun daɗe ba mu gana ba."

Tsarki ya tabbata ga Allah da Yake jiyar da bayinSa na gari abin da Ya so. Ya Ubangiji, Ka ɗaukaka darajar Shehinmu, Ka sa albarkarsa ta lulluɓe mu da iyayenmu, amin.